Muhawara: Da gaske dokar Rumawa ta ba kowa haƙƙinsa?

Malam Habu: Ni dai ina kan bakata. Wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), talakawan Rum suka matsa lamba har aka rubuta doka a Alluna 12, aka kafe su a dandali kowa ya gani, don kada manya su riƙa murɗa ta yadda suka ga dama. In wannan ba adalci ba ne, mene ne?

Zainab: Allah ya gafarta Malam, ku duba abin da ke cikin allunan. Wanda ya karya wa ɗa ƙashi tararsa kuɗin tagulla da ake kira as guda 300, in bawa ne 150. Wanda bashi ya ci, ana iya ɗaure shi kwana 60, daga nan a sayar da shi ƙetaren kogin Tiba. Auratayya tsakanin manya da talakawa ma hana ta aka yi.

Malam Habu: Ai an soke hanin auren a 445, Zainab. Shekara biyar kacal ya yi.

Kabiru: Ina bayan Malam. Masaninsu Fawlus ya ce kawo hujja na kan mai da'awa, ba mai musu ba, kuma mun san irin wannan ƙa'ida a fiƙihu. Sarki Tirajan ya ce gara mai laifi ya kuɓuta da a hukunta wanda bai ji ba bai gani ba.

Zainab: Yaya Kabiru, a kan wa ƙa'idar ta yi aiki? A shekara ta 61 miladiyya, zamanin Sarki Nero, wani bawa ya kashe ubangidansa, Fedaniyus Sekundus, shugaban birnin Rum. Doka ta ce a kashe duk bayin da ke gidan. Mutum 400 ne, har da mata da yara. Jama'ar gari suka fito suna neman a sassauta, majalisa ta ƙi, suka ɗauko duwatsu, Nero ya jera sojoji a hanya aka zartar. Duk lokacin da na tuna wannan sai zuciyata ta sosu. Ba keta doka aka yi ba, bin ta aka yi.

Kabiru: Wannan kam babu mai kare shi. Amma masanin dokarsu Ulfiyan ya rubuta cewa a dokar ɗabi'a mutane duka daidai suke.

Zainab: A wannan zancen nasa ne kuma ya ce a dokar ƙasa ba a lissafa bawa a matsayin kowa. Kuma alƙali da dokar ƙasa yake yanke hukunci.