Farin 1984: teku ne ko sare daji?

Ɗan Gumel: Salamu alaikum. Jiya na ji a rediyo wai farin 1973 da na 1984 daga teku suka taso. Ban yarda ba. Tun muna firamare aka koya mana sare itatuwa da yawan kiwo ne suka kore mana ruwa. Ina Gumel ina teku?

Malamar Jogirafi: Wa alaikumus salam Yaya. Abin da aka koya mana ra'ayin masanin yanayi Jule Charney ne na 1975: ƙasar da ta rasa ciyawa tana mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Amma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta sun ɗora wa kwamfuta zafin ruwan tekuna kaɗai na shekaru da dama, ba su saka mata labarin sare daji ba, kuma ta fito da farin Sahel a shekarun da ya auku. Kada mu manta, danshin daminarmu iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko shi daga Atlantika.

Alhaji Maraɗi: Malama, ruwa dai na Allah ne, sanadinsa muke nema. Mu a nan bayan yunwar manoma suka daina sare gawo da kututture a gona, itatuwa suka dawo, ruwa ma ya dawo. Da idona na gani.

Malamar Jogirafi: Gaskiya ne Baba, aikin Maraɗi da Damagaram abin alfahari ne. Sai dai ruwan da ya ƙaru daga shekarun 1990 ya ƙaru tun daga Senegal har Chadi, har inda ba a raini ko bishiya ɗaya ba. Lokacin ne arewacin Atlantika ya ƙara ɗumi, ya janyo damina zuwa arewa.

Injiniya: Ni inda nake da ja shi ne El Niño, wato ɗumamar da ruwan Tekun Fasifik ke yi lokaci-lokaci. Komai ya faru a ce shi ne. Na 1972 ya zo da fari, na yarda. Amma na 1982 ya ƙare a 1983, kuma 1984 ce ta fi kowace muni. A bayyana min wannan.

Malamar Jogirafi: Ai Fasifik ba shi kaɗai ba ne. A 1984 ruwan Mashigin Gini, ɓangaren Atlantika da ke kudu da mu, ya yi ɗumi sosai. Iskar damina tana kutsowa cikin ƙasa ne saboda tudu ya fi teku zafi. In tekun ya ɗumama, bambancin ya ragu, sai ruwa ya tsaya a bakin teku, mu a arewa mu yi ta kallon sama. Ga Tekun Indiya shi ma yana ta ɗumama a shekarun.

Ɗan Gumel: To in kun san duk wannan, me ya sa hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ke kuskurewa? An ce ruwa zai zauna, mutane suka shuka gero, ya ɗauke, iri ya ƙone.

Malamar Jogirafi: Wannan asara tana min ciwo, Yaya. NiMet na fitar da hasashenta a farkon shekara, alhali kafin Afrilu da Mayu El Niño na da wuyar hasashe. Kuma teku na nuna yadda damina za ta kasance a yanki gaba ɗaya ne, ba ranar da ruwa zai ɗauke a gonar mutum ba.

Injiniya: Kenan wanda AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, ke haɗa masana su fitar dab da damina ya fi abin dogaro?

Malamar Jogirafi: Ya fi kusa da lokacin, don haka a duba shi kafin a zaɓi iri.

Ɗan Gumel: Na ji batun teku. Amma gonar da ke da gawo ta fi jure fari, wannan ba na janye shi.

Alhaji Maraɗi: Ni ma haka. Malama, in na Yamai ya fito ki turo mana da Hausa.