Neman kalma: me za mu kira "medisin bol"?

Mai Gabatarwa: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe bakwai ina da shirin motsa jiki a rediyo, na maƙale a kan "medisin bol". Ƙwallon nan ne mai nauyi, daga kilo 1 har sama da 10, wanda ake cusa wa yashi. A ajin motsa jiki a kan yi da'ira ana miƙa wa juna shi, ko a ɗaga sama a maka da ƙasa. Na rubuta "ƙwallon magani", amma raina bai kwanta ba.

Bakatsine: Kada ki soma, Hajiya. Kina faɗin haka masu sauraro za su ɗauka ƙullin boka ake tallatawa. Ƙwallon nauyi.

Malamin Wasanni: A ɗakin da nake horarwa yara "bol mai nauyi" suke cewa. 'Yan dambe ma da shi suke ƙarfafa ciki, mutum ya kwanta a sakar masa a tumbi. Ni dai ƙwallon atisaye.

Bakatsine: To babban na roba da ake hura wa iska a zauna a kai fa? Shi ma na atisaye ne.

Dattijo: Ikon Allah. Atisaye ai Turanci ne aka sa masa hula. Muna da tamaula tun kaka da kakanni, ta fata ce, a cusa mata tsumma a ɗinke. Ku ce "tamaular ƙarfi".

Ɗan Damagaram: Baba, da girmanka, yaran yanzu suna jin tamaula wasan ƙafa za su tuna. Wani ya kai wa kilo 8 shuri a ɗora wa Hajiya kuɗin ɗori.

Dattijo: Laifin wa? Ku kuka yar da kalmar. Kowa ya je birni sai ya dawo yana jin kunyar harshen uwarsa.

Malamin Wasanni: Baba, ai da "intanet" kake rubuto mana wannan faɗan.

Dattijo: Wannan daban. Ba mu gaji intanet ba, tamaula kuwa mun gada.

Wata Malama: Ku dakata. Maganin da ke cikin sunan lafiya ake nufi. Herbert Hoover, shugaban Amurka daga 1929 zuwa 1933, likitansa Joel Boone ne ya tsara masa wasan jefa irin wannan ƙwallon ta saman raga kowace safiya don ya rage ƙiba. Me zai hana "ƙwallon lafiya"?

Bakatsine: Malama, wane ƙwallon ne na cuta?

Mai Gabatarwa: Dare ya yi. Zan ce "ƙwallon nauyi", in bayyana shi sau ɗaya a farkon shiri. Baba, zan ambaci tamaula wajen kwatanta ɗinkin fatar.

Dattijo: A rediyo ki faɗi abin da kika ga dama, 'yata. Ni a littafina tamaular ƙarfi na rubuta.