Taimako: me za mu kira "storyasking" da Hausa? Zuwa Alhamis nake so

MaiAlli: Assalamu alaikum malamai. Asabar ɗin nan muna da bitar malaman Faransanci na ƙananan sakandare, an ɗora mini rubuta takardar da za a raba, mai buga takardu kuma ya ce in kai masa Alhamis ko a fasa. Dabarar da zan gabatar ita ce TPRS, wato koyar da harshe ta hanyar labari da karatu, wadda Blaine Ray, wani malamin Sifaniyanci a Kalifoniya, ya fito da ita wajajen 1990. Ya ɗora ta ne a kan hanyar James Asher ta koyarwa da motsa jiki, da kuma ra'ayin Stephen Krashen cewa harshe yana zama a ka ne in mutum yana yawan jin maganar da yake ganewa. Inda na cije kalma ɗaya ce. Masu wannan hanya ba sa cewa suna ba da labari, "storyasking" suke cewa. Na rubuta "tambayar labari", na karanta wa maiɗakina, ta ce labari sai alheri.

Bazazzaga: Ai da gaskiyarta, Malam, gaisuwa ka rubuta. Yaya abin yake a aji?

MaiAlli: Jimla ɗaya nake rubutawa a allo da ma'anarta: Le garçon veut une chèvre, yaro yana son akuya. Sai ruwan tambayoyi da Faransanci. Akuya yake so? E. Akuya ko raƙumi? Akuya. Raƙumi yake so? A'a! Wa yake son akuyar? Kafin a ankara sun ji kalmar "veut" ya fi a ƙirga, ba wanda ya yi hamma. Daga nan sauran nasu ne. Makon jiya 'yan aji ɗaya suka raɗa wa akuyar Madam, suka ce a Faris take, yaron kuma da a-daidaita-sahu zai je ɗauko ta. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ita ta dage sai an ce mai ya ƙare masa a Agadas. Washegari na rubuta labarin nasu suka karanta.

Bazazzaga: To "saƙar labari". Kai ka kafa zare, su suna jefa ƙoshiya.

Ɗan Tsangaya: Ko "ƙirar labari". Amma saƙa ta fi daɗin faɗa.

Mushe Damagaram: Mu nan lekwal ɗinmu da Faransanci ake komai, mun san wahalar yaron da bai gane ko kalma guda. Amma kun bar jaki kuna dukan taiki. Abin nan sunansa gatana. Kakanninmu sun yi ta tun ba a haifi Blaine Ray ba. Ku ce "gatanar aji" a wuce wurin. Labari ma ai Larabci ne, al-khabar.

Ɗan Tsangaya: Ranka ya daɗe, in za mu kori Larabci, sai mu fara da darasi da ɗalibi da malami, mu rufe makarantar.

Bazazzaga: Kuma tatsuniya ba ita ba ce. Mai tatsuniya ta san ƙarshenta tun daga "ga ta nan ga ta nanku". Naku "ta zo mu ji ta" ne kawai, sai amshin waƙa. Wa ya taɓa tsayar da kaka ya ce yau Gizo ba zai yi wayo ba? A nan kuwa yara ne ke juya akalar.

Mushe Damagaram: Na ce gatana, kin mai da ita tatsuniya. Kun gani ko? Duk abin da ba Kano ta faɗa ba sai a gyara wa mutum baki. Je ki Sakkwato ko Maraɗi ki ji me tsofaffi ke cewa.

Bazazzaga: Mushe, ni Bazazzaga ce, ka kai ƙarar inda ta dace.

Bakanon Asali: An taɓo mu. Ba mu muka ce a ɗora daidaitacciyar Hausa a kan Kananci ba. Kasuwa ce ta zaɓa.

Mushe Damagaram: Turawa suka zaɓa, da masu buga littattafai a Zariya.

MaiAlli: Don Allah malamai, Alhamis.

Inna Malama: 'Ya'yana, shekarata talatin ina riƙe da alli, bari in sa baki. Saƙa aikin mutum ɗaya ne a kan masaƙarsa. Abin da yaron nan ya kwatanta gayya ce: mai gona ya kira, kowa ya zo da fartanyarsa. Ku ce "labarin gayya". Sannan kar ka sa tatsuniya ko gatana a takarda. Shugaban makaranta zai ce wasa kake da lokacin gwamnati, iyaye kuma su ce an koma yi wa yara tatsuniya da rana tsaka.

Ɗan Tsangaya: Inna ta kawo magana. Sai dai gayya tana da wata fuska. In aka ce "labarin gayya" wani zai ji kamar labarin da aka yi da gangan don a ƙuntata wa mutum, irin "da gayya ya yi".

Inna Malama: To a juya, "gayyar labari". Wannan ba mai kuskure ta.

MaiAlli: Ta zauna mini. Tun da an taru, akwai "student engagement" a shafi na biyu. Manhajar fassara ta ba ni abin da ya shafi baiko.

Bakanon Asali: Allah ya sanya alheri, yaushe za a sa rana?

Bazazzaga: "Damawa da ɗalibai". "Mai da hankali" bai isa ba, yaro yana iya ƙura maka ido hankalinsa yana gidan kallon ƙwallo.

Mushe Damagaram: Wannan na yarda. Waccan kuwa har gobe gatana ce. In ɗalibanku suka tsallako iyaka kar ku ce ban faɗa ba.

MaiAlli: Ga yadda na rubuta: "gayyar labari", da bayani layi biyu a ƙasa cewa malami na tambaya, aji na ƙirƙira. "Damawa da ɗalibai" ta shiga. Mushe, na sa gatana a gabatarwa, inda na ce yaranmu sun saba da sauraro da amshi tun daga gida. In malamai suka yi tsaki ranar Asabar zan dawo mu sake.

Mushe Damagaram: A gabatarwa kawai?

Bazazzaga: Ni dai har yanzu saƙa ta fi mini, amma je ka kai wa mai bugawa. Madam ta iso gida kuwa?

MaiAlli: Suna Agadas, ana neman mai.