Sitata tana kasa juya injin yanke ciyawa duk da sabon batir

Mai Lambu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan injin yanke ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa. Nawa yana ɗauke da injin Briggs & Stratton mai silinda ɗaya, shekara shida ke nan ina aiki da shi, kuma ban taɓa wuce awa 50 ban juye masa baƙin mai ba. Tun watan jiya, idan na murɗa makulli sai injin ya yi kamar rabin zagaye ya cije, sitata ta yi ta gurnani har wayar batir ta ɗauki zafi. Na sayi sabon batir, na auna na ga volt 12.6, amma ba ta sauya zani ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan na ɗora tafin hannu a kan ragar da ke saman injin na juya shi ya wuce inda yake cijewa, da na murɗa makulli sai ya tashi. An ce in sayi sabuwar sitata, ni kuwa ba na son in sake kashe kuɗi a kan zato.

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar sitatarka inda take tukuna, domin bayanin da ka yi ya fi kama da matsalar bawul, wato marfin da ke buɗe da rufe hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi a silinda. Sitatar waɗannan injuna ƙarama ce, ba ta da ƙarfin danne iskar da ke cikin silinda gaba ɗaya, shi ya sa aka sanya wani ɗan ƙarfe a jikin kamshaf (sandar da ke juyawa tana buɗe bawul) wanda yake ɗan ɗaga bawul ɗaya lokacin tayarwa, iska ta ragu, fistin ya wuce. Ɗagawar ba ta taka kara ta karya ba, don haka da zarar tazarar da ke tsakanin roka (ƙarfen da ke danna bawul) da kan bawul ta buɗe saboda daɗewa, sai ɗagawar ta ƙare a cikin tazarar, bawul bai motsa ba, sitata ta tarar da bango.

Gyaran ba shi da wuya, amma sai injin ya huce sarai. Ka cire fulogi, ka kwance murfin bawul, ka zura siririn itace ta ramin fulogin, sannan ka juya injin da hannu har fistin ya iso ƙololuwa alhali bawul biyun suna rufe. Kada ka tsaya a nan. Ka ci gaba da juyawa har itacen ya sauka kimanin milimita 6, saboda a nan ne ɗan ƙarfen nan ya saki bawul. Daga nan sai ka auna tazarar da fila gej, wato siraran fallayen ƙarfe na auna tazara. A yawancin irin wannan inji, bawul ɗin shigar mai yana son milimita 0.08 zuwa 0.13, na fitar hayaƙi kuma 0.13 zuwa 0.18, amma ka tabbatar da lambar injinka a littafinsa. Gej ɗin ya riƙa wucewa da ɗan ja, kamar an zaro takarda daga ƙarƙashin littafi mai nauyi. Idan ka daidaita komai kuma bai daina cijewa ba, to ɗan ƙarfen kamshaf ɗin ne ya karye, wannan kuwa sai an buɗe cikin inji.

Mai Kula da Fili:

Na yarda da Baba, sai dai ina ganin akwai abu biyu da ya kamata a duba kafin a taɓa murfin bawul. Na farko, ka zaro sandar auna baƙin mai ka sunsuna. Idan kana jin ƙaurin fetur ko ka ga man ya haura alama, to allurar kafireta ba ta rufewa, fetur yana tsiyaya cikin silinda, kuma shi ma yana sa inji ya cije haka. Na biyu, wayar da ta yi zafi tana iya nuna tsatsa, musamman inda baƙar waya ta kama jikin ƙarfe. Ina kuma roƙonka, Malam, ka daina juya injin da hannu alhali wayar fulogi tana haɗe da makulli a ciki, domin yatsu ba su da madadi.

Mai Lambu:

Allah ya saka muku da alheri. Na fara da shawarar ɗan'uwana: baƙin mai ba ya ƙaurin fetur, na kuma goge bakin wayoyin har suka yi haske, duk da haka ya cije. Da na buɗe murfin, sai na tarar gej na 0.25 yana shiga bawul ɗin shigar mai ba tare da ya taɓa komai ba. Sau uku ina daidaitawa, domin duk lokacin da na ɗaure ƙaramar kusar da ke tsakiyar notin sai tazarar ta gusa, har na koyi riƙe notin da sifana ina ɗaurewa. Yau da safe murɗa ɗaya ya tashi. Baba, gasket ɗin murfin ya ɗan tsage a kusurwa lokacin da nake cirewa, ina ganin danshin mai a wurin; zan iya yin yanka ɗaya da shi kafin sabo ya iso?

Tsohon Makanike:

Ka haƙura ka jira sabon, Malam, domin salansa, wato bututun fitar hayaƙi, tana kusa da wurin, kuma mai da busasshiyar ciyawa a kan ƙarfe mai zafi su ne suke tayar da gobara a waɗannan injuna.