Boutros-Ghali: an zalunce shi ko kuwa?

Baban Khalifa: Jama'a, abin nan na ci min tuwo a ƙwarya. Kullum Kofi Annan ake yabo, ba mai tuna Boutros-Ghali. Farfesan dokokin ƙasa da ƙasa ne a Jami'ar Alƙahira, ɗan Afirka na farko da ya zama Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1992. A 1996 ƙasashe 14 cikin 15 na Kwamitin Sulhu suka ce ya zarce, Amurka ta hau kujerar na ƙi. Zalunci ƙarara!

Ɗan Gwagwarmaya: Ɗan Afirka kuma? Balarabe dai.

Maman Hanan: To Masar a sama take? Yallabai ka duba taswira.

Ɗan Gwagwarmaya: Hajiya, taswira daban, zuciya daban. Lokacin da ake yanka mutane a Ruwanda a 1994, wa ke kan kujerar? Ɗan uwa ba ya haka.

Malam Na Baya: Ai shugaban sashen dakarun kiyaye zaman lafiya a lokacin Kofi Annan ɗinku ne. Shi ma ba ɗan Afirka ba ne ke nan?

Ɗan Gwagwarmaya: Wa ya ce nawa ne? Kada ka sa min magana a baki.

Abu Sumayya: Ku bar batun fata. Mutumin da ya raka shugaban Masar Sadat zuwa Ƙudus a 1977, bayan ministan harkokin wajen Masar ya ajiye aiki saboda tafiyar, shi kuke wa kuka?

Maman Hanan: Shi ne kuma ya fitar da rahoton harin garin Kana a 1996, bayan Isra'ila ta yi luguden wuta kan sansanin Majalisar a Labanan, fararen hula sama da 100 suka mutu. Ka ƙi faɗin wannan.

Abu Sumayya: Kawo hujja.

Maman Hanan: Kai ka kawo taka? Wancan makon ma haka ka yi min kan batun Gaddafi.

Abu Sumayya: Au, ashe riƙo kike yi.

Baban Khalifa: Don Allah batun ƙuri'ar nake yi fa!

Malam Na Baya: Bari in taƙaita. Kowa ya amince Masar a Afirka take, kuma mai taswirar zuciya ya kasa kare kansa. Batun Ƙudus an kawo shi ne kawai don a karkatar da zance. Hajiya ta fi kowa hujja.

Ɗan Gwagwarmaya: Wane kowa? Ni ban amince ba.