Ruwa a huhu bayan haihuwa, ga kuma kunun kanwa

Salam, likitoci don Allah ku taimaka min. Ƙanwata ce bayan ta haihu numfashi ya riƙa sarƙe mata, ba ta iya kwanciya sai a zaune, cikin dare tari ya taso da kumfa mai ɗan ja muka ruga imajensi, aka sa mata oksijin da allurar Lasix mai fitar da ruwa daga jiki, ta yi ta fitsari kafin ta samu sauƙi. Likita ya ce zuciyarta ce ta raunana, jini na taruwa baya shi ne ruwa ya cika huhu. To Inna ta kafe sai an ci gaba da kunun kanwa da wankan jego, wallahi hankalina a tashe yake. Kanwar nan ba za ta dawo da ruwan ba? Yaya zan shawo kan Inna?