Don Allah masu kemistiri a taimaka min, TiO2 (titaniyom dayoksaid) ɗina ya ƙi aiki bayan dofin, wato sa masa ɗan wani sinadari

Salamu alaikum 'yan uwa, ni ɗalibi ne a nan Samaru Zariya, wallahi furojet ɗina ya tsaya cak, sati uku kenan.

Ina haɗa ƙananan ƙwayoyin TiO2 ne don su cinye launin metilin bulu (wani shuɗin rini) a ruwa idan haske ya same su. Tunda gibin makamashin anatas (nau'in TiO2 da nake haɗawa), wato ƙarfin hasken da yake buƙata kafin ya fara aiki, 3.2 eV ne, hasken UV wanda ido ba ya gani kawai yake sha, shi ya sa na zuba ƙarfen ayon a ciki ko zai yi aiki da hasken rana, na gasa a digiri 500, garin ya koma ruwan ɗorawa har na fara murna, to amma da na shanya a ranar Zariyar nan sai wanda ban sa wa komai ba ya fi shi cin launin. Abin haushi.

Zargina ayon ɗin ne ya yi yawa, kashi 5 cikin ɗari na sa, ƙila shi ke sa ilektiron da raminsa (gurbin da yake bari idan haske ya tayar da shi) suna sake haɗewa tun kafin su taɓuka komai. Ko kuwa gashin ne ya juya min shi zuwa rutail, wani nau'in TiO2 daban? Kuɗin XRD, gwajin da zai nuna ko anatas ne ko rutail, kuma ba ya hannu yanzu.

In rage ayon ɗin ne ko in koma dofin ɗin naitirojin ta hanyar amfani da yuriya? Wanda ya taɓa yi don Allah ya ce wani abu.